Kwamfutar da Gambo Ya Hana Barci

Duk wanda ya zauna a Haɗejiya a ƙarshen shekarun casa'in bai san Gambo Injiniya ba, to rediyonsa ba ta taɓa lalacewa ba. Gambo yana da 'yar rumfa a bakin kasuwa inda yake gyaran tocila da rediyo da agogon bango. Sunan Injiniya kuwa ba wanda ya raɗa masa. Shi ya raɗa wa kansa, ya sa aka rubuta masa a allo da jan fenti. In ka kawo masa rediyo mai kama tasha biyu, zai kwance ta, ya hura ta, ya mayar, ta koma kama ɗaya. Sannan ya miƙo maka 'yan kusoshin da suka yi saura ya ce, “Waɗannan Bature ya sa su ne don ado.”

Wajen baki kuwa, ko maroƙi sai ya sara masa. Yana cewa ya taɓa gyara jirgin sama a Kano. Gaskiyar magana ita ce ya taɓa yin karen mota a wata tsohuwar roka mai jigilar kifi, kuma daga saman lodin kifin nan ya hango filin jirgi.

Wata damina sai ga surukinsa Shu'ibu, ƙanin matarsa 'Yar'azumi, ya tsaya a ƙofar gida da a-kori-kura ɗauke da kwalaye. Shu'ibu ma'aikaci ne a wani shirin noman rani, ya kuma yi tattali ya sayi kwamfuta ta hannu wurin wani Bature da zai koma ƙasarsu. An tura shi kwas Zariya, ga ɗakin da yake haya yana yoyo kamar kwando.

“Yaya Gambo, amana na kawo,” in ji Shu'ibu. “A ɗora ta a wuri mai tsayi, a bar ta a cikin kwalinta. Don Allah kada a buɗe.”

Gambo ya bugi ƙirji. “Tafi abinka. Ka kawo ta hannun ubangidanta. Irin wannan nawa na kwance na ɗaura?”

Shu'ibu ya dubi yayarsa. 'Yar'azumi ta dubi sama.

Kafin motar Shu'ibu ta kai Jahun, Gambo ya farke kwalayen, ya baje kayan a kan tebur a zaure. Ga wani mai kama da talabijin, ga farin akwati, ga allo mai haruffa, ga wani ɗan abu mai doguwar wutsiya kamar ɓera, ga kuma wani baƙin akwati mai nauyin dutsen niƙa. Ya leƙa ta katanga ya ƙwala wa maƙwabcinsa kira. Malam Filibus mutumin Kagoro ne, malamin lissafi a sakandare, yana haya a gidan da ke jikin na Gambo shi da matarsa Talatu. Sun daɗe tare, kullum cikin tsokanar juna.

“Ticha, zo ka karanta min Turancin nan. Ba don ban iya ba, tabarauna ne ya ɓata.”

“Injiniya, yaushe ka taɓa yin tabarau?”

“Shi ya sa na ce ya ɓata.”

Allah Ya taimake su kowace waya da raminta, wadda ta ƙi shiga nan sai ta shiga can. Da aka gama haɗawa, Gambo ya shiga danne-danne da hannu biyu, gaba da baya, duk inda ya ga maɓalli. Can sai abu ya ce ƙit, fanka ta soma huci a cikin farin akwatin, gilashi ya kawo haske. Gambo ya yi tsalle da baya har ƙeyarsa ta gaisa da bango. Ya shafa wurin, ya gyara hula, ya ce, “Yawwa. Haka nake so.”

Kafin la'asar zaure ya cika. Masu wucewa suna leƙe, masu tallan kifi sun sauke tire, har mai unguwa ya aiko a gano masa. Gambo ya zauna gefen tebur ya harɗe ƙafa yana bayani. Ya ce na'urar nan ta san adadin buhunan shinkafar da za a noma bana, ta san ranar da ruwa zai janye, tana jin Larabci da Turanci da Barbarci, Hausa ce kawai take ɗan koyo a wurinsa.

Da aka idar da magariba mutane suka watse, 'Yar'azumi ta ɗaga labulen ƙofar cikin gida.

“Malam, an gama kallo. A kashe ta a mayar da ita kwali.”

Gambo ya dubi na'urar. Shi dai ya san ya danna wurare da yawa, amma bai san wanne ne ya tashe ta ba, balle wanda zai kwantar da ita. In ya kashe ta ta ƙi tashi gobe, da wane ido zai dubi mutanen da ya ce su dawo da safe? Sai ya yi dariya irin ta manya.

“Kashewa? Kin ji rashin sani, wanda ya fi dare duhu. Na'ura mai ƙwaƙwalwa ake ce mata. Kin taɓa ganin an cire wa mutum ƙwaƙwalwa da dare an mayar masa da safe?”

“Mutum ai yana barci.”

“Barci daban, kisa daban.”

Filibus, da ke ƙoƙarin saka takalmi, ya ce, “Ni dai na ga ta ofishin ilimi. In za su tashi aiki kashe ta suke yi, su lulluɓe ta da ƙyalle.”

“Shi ya sa albashinku ba ya fitowa a kan kari,” in ji Gambo. “Kullum da safe sai ta faro tunani daga farko. Ticha, inji ni na san shi. Rokar da na yi aiki a cikinta, in muka kwana a hanya ba ma kashe ta. Ranar da direba ya yi gangancin kashewa, tun daga Gumel muke turi. Tayarwa ita ke cinye inji, ba aiki ba.”

“To wutar da za ta sha fa?”

“Ilimi ai ba ya tsada.”

'Yar'azumi ta saki labule. “Kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa.”

Haka kwamfuta ta kwana tana huci a zaure.

Da asuba Gambo ya fito da buta zai tafi masallaci, ya leƙa, sai butar ta suɓuce daga hannunsa. Gilashin ya koma ruwa shuɗi, ga kifaye suna iyo, wani ja, wani rawaya, wani mai ratsi-ratsi, suna kai da komo cikin natsuwa. Ya matsa a hankali, gwiwarsa ta bugi tebur, ɗan ɓeran nan ya motsa, kifaye suka ɓace ɓat. Ya tsaya baki buɗe. Da ya dawo daga masallaci ya tarar sun dawo. Ya sake taɓa ɓeran, suka gudu. Ya ƙyale shi, suka komo.

Gambo bai tsaya karin kumallo ba. Ya fita tsakiyar titi.

“Jama'a! Ku zo ku ga abin da ake samu in an bar na'ura ta kwana a farke! Muna barci ita tana cikin kogi tana bincike!”

Aka taru. Gambo ya ja layi da gawayi a ƙasa, ya ce duk wanda ya tsallaka ko ya yi tari mai ƙarfi shi ya kori kifi. Filibus ya zo da burodinsa a hannu, ya daɗe yana kallo, ya sunkuya ya duba bayan tebur.

“Injiniya, ni lissafi na karanta, ba kamun kifi ba. Amma ban ga wayar da ta tafi kogi ba.”

“Rediyon da ke kawo maka labarin Landan, ka ga wayar da ta tafi Landan?”

Filibus ya gutsuri burodinsa. Mutane suka sa shewa. Gambo ya ji kansa ya kusa taɓa rufin zaure.

Ana cikin haka, da hantsi, aka ɗauke wuta. Gilashin bai mutu ba, amma baƙin akwatin nan ya ɓarke da kuka, ƙi-ƙi-ƙi, kamar ɗan tsakon da shaho ya sura. Filibus ya karanta rubutun da ke jikinsa ya ce batir ne, yana riƙe wuta na ɗan lokaci, in ya ƙare shi ke nan.

“Na sani!” in ji Gambo. “Gwada ka nake yi!”

Ya fita a guje daga shi sai singileti, ya fizgi baro a hannun wani mai tura ruwa, ya nufi gidan kallon bidiyo na Fannami. Fannami yana da janareto wanda ba ya ba da aronsa ko ga ɗan'uwansa. Gambo ya yi masa alkawarin cewa in na'ura ta gama da kifi za ta dubo masa inda ake binne tukunyar zinariya. Ya ɗoro janareto a baro, ya taho yana ihun a ba shi hanya. Ya watsa tumakin wata tsohuwa, ya tuntsurar da tiren mai ƙosai, tayar baron ta faɗa kwata, ya ciro ta da addu'a da zagi a haɗe. Ya iso baƙin akwati yana shure-shuren ƙarshe, ya soka waya, ya ja igiya. Janareto ya yi tari, ya yi atishawa, ya kama. Kifaye suna nan suna iyo abinsu.

Wutar gari kuwa ta tafi ke nan, kamar ta yi hijira.

Janareto ya zauna a tsakar gida yana ruri dare da rana. Hayaƙi ya mayar da shanyar 'Yar'azumi launin toka. Kajinta suka daina ƙwai, zakara ya rikice yana cara da azahar. Ladanin unguwa ya aiko a gaya wa Gambo cewa mutane sun daina jin kiran salla, Gambo ya aika masa cewa ya ƙara murya, zamani ne ya zo. Ga wahalar mai ana yi, layin gidan mai ya kai bakin gada. Da man janareto ya yi ƙasa, Gambo ya lallaɓa wurin Filibus ya roƙi na cikin babur ɗinsa. Ya zura tiyo a tanki, ya zuƙa da ƙarfin injiniya, fetur ya cika masa baki har ya sauka ciki.

Ya wuni yana gyatsar fetur. Da ya nufo madafa neman tuwo, 'Yar'azumi ta ɗaga muciya.

“Tsaya daga nan! Kada ka matso min kusa da murhu ka tashi gidan mutane.”

“Haba 'Yar'azumi, mijinki ne fa.”

“Mijina ba galan ba ne. In za ka yi magana ka juya can.”

Ta tura masa kwanon da sandar rake.

Labarin kifi ya kai kasuwar kifi, daga can ya bi kwale-kwale har Guri. Sai ga wani dattijon masunci, Baba Zarami, ya zo da mutanensa, birgi rataye a kafaɗarsa, don ba ya rabuwa da ragarsa ko a gidan biki. Ya tsaya bayan layin gawayi, ya runtse ido ɗaya, ya ƙare wa kifayen kallo.

“Yaro, wannan wane kogi ne?”

“Namu mana, Baba. Na Haɗejiya.”

“Ina tarwaɗa? Ina karfasa? Ina bargi? Ni tun ban yi gemu ba nake cikin ruwan nan, ban taɓa ganin kifi sanye da atamfa ba.”

“Baƙi ne,” in ji Gambo. “Daga Chadi suke tahowa da sabon ruwa.”

“Na yi sana'ar su a Chadi. Can ma tsirara suke yawo.”

“Ai na can ƙasa ne, Baba, inda ragarku ba ta kaiwa. Ku sama-sama kuke tsinta, na'ura kuwa har gindi take leƙawa.”

Wani daga cikin masuntan ya ce, “To a ina suke? Nuna mana gurbin mu je.”

Nan ne Gambo ya kamata ya yi shiru. Amma bakinsa ba ya shawara da shi.

“Tana kan lissafi. In dai ba a kashe ta ba, zuwa ranar kasuwa za ta faɗi gurbin. Ku zo da ragarku. Na rantse da sana'ata, ranar za ku kama babban da ba ku taɓa kama irinsa ba.”

Zarami ya gyara birginsa. “Za mu zo. Kifi na ganinka, mai jar koma.”

Ana jajibirin kasuwa aka tafka ruwan sama da la'asar, ya ɗauke dab da magariba. Unguwa ta yi duhu, ba haske ko'ina sai shuɗin nan da ke fitowa daga zauren Gambo. Duk shingen da ya fito daga gidajen garar ƙasar Haɗejiya ya ga hasken, ya kuma amsa gayyata. Suka shigo kamar hadari. Suka rufe gilashi, suka cika hular Gambo, suka shiga hancinsa. Yana kaɗe su da mafici yana ihun kada a taɓa tebur.

Talatu matar Filibus ce ta fara ganin alheri a cikin abin. Ta shigo da roba cike da ruwa ta ajiye gaban tebur, shinge suka yi ta faɗawa ciki. Kafin ka ce kwabo matan unguwa sun cika zaure da kwanoni da tasoshi.

“Sannu Injiniya!” in ji Talatu. “Kifin dai ba mu gani a tukunya ba, amma miyar gobe ta samu.”

“Wannan somin taɓi ne,” in ji Gambo yana tofar da fiffike. “Ni na umarce ta ta kira su.”

Abin da bai umarta ba shi ne kwaɗi. Inda ƙwaro ya taru a bakin fadama, kwaɗo ba ya jiran katin gayyata. Da gari ya waye 'Yar'azumi ta zura ƙafa a takalmi, takalmin ya yi tsalle. Ta buɗe randa, kwaɗo ya dube ta. Ta ɗaga faifan da ta rufe ƙullun koko, ta tarar da wani ƙato ya miƙe ƙafafu a ciki kamar hakimi a kan kilishi. Ihun da ta yi ya fi na janareto.

Ta fito zaure da ƙullin kayanta a ka.

“Malam, zaɓi. Ko ka kashe abar nan, ko ni in bar maka gidan.”

“Yau fa kasuwa, 'Yar'azumi. Ki yi haƙuri zuwa azahar, za ki zama matar mutumin da ya ciyar da Jigawa.”

“Ciyar da kwaɗi dai. Ina gidan Talatu. In ta dafa maka tuwo ka ci.”

Ta fita. Gambo ya share kwaɗi da tsintsiya, ya tsaya yana nazari. Matsalar, a ganinsa, haske ne da ramuka. Ya lura na'urar tana da tsaga-tsaga a sama da baya, ta nan shinge suka yi ta shigewa. Ya ce wannan sakacin Bature ne. Ya samo tsumma ya toshe kowace tsaga. Ya naɗe na'urar da gidan sauro, ya ɗora bargo, ya kawo darduma ya yafa a sama, ya ɗaure da igiya. Ya bar gefen bargon yana lilo a gaban gilashi, don in jama'a sun taru ya yaye shi kamar mai buɗe fuskar amarya. Ya ja da baya ya yaba wa kansa.

Kafin rana ta take, ƙofar gidan Gambo ta fi kasuwar cika. Masunta daga Guri, dillalan kifi, masu bandar kifi, mai unguwa da kansa a kan kujera, Fannami yana leƙowa daga tsakar gida inda yake gadin janaretonsa, Filibus yana tsaye jikin bango da hannu a aljihu. Baba Zarami yana sahun gaba. Gambo ya fito cikin babbar riga ta aro, ya tsaya a bakin zaure, na'ura a bayansa tana ɗumi cikin bargo.

Ya fara jawabi. Ya faro daga yadda aka haife shi da sukuddireba a hannu. Ya bi ta kan jirgin Kano. Ya zo kan masu cewa a kashe na'ura da dare, ya ce ba zai kama suna ba, amma wani yana koyar da lissafi, wata kuma tana gidan mai koyar da lissafin.

Ana cikin haka wata mai sayar da kifi ta ɗaga hanci.

“Wa ke suya?”

“Ba suya ba ce,” in ji wani. “Kamar ƙaurin roba.”

“Da shinge a ciki,” in ji Talatu daga kan katanga. “Na san ƙamshinsa.”

Gambo ya ce, “Ƙamshin tunani ne. In ƙwaƙwalwa ta kusa kai ga amsa haka take yi.” Ya juya, ya kama gefen bargo, ya ɗaga murya. “Jama'a, ga gurbin kifinku!”

Ya yaye. Hayaƙi ya turnuƙo, baƙi ƙirin, ya bugi fuskarsa. Ta cikin hayaƙin ana hango kifayen sun karkace, sun yi kore, suna rawar sanyi.

Baba Zarami ya riƙe haɓa. “Ikon Allah. Ashe har banda take yi!”

Dariya ta tashi, amma ba ta daɗe ba, don wani abu ya ce tas a cikin na'urar, tartsatsi ya fito, gefen bargo ya kama.

“Kashe ta! Kashe ta!” jama'a suka ɗauka.

Fannami ya yi tsalle ya kashe janaretonsa, ya rungume shi ya ja gefe. Amma baƙin akwati ya karɓi aiki, ya ci gaba da ba ta wuta yana kukansa, ƙi-ƙi-ƙi.

“Injiniya, kashe ta mana!” in ji mai unguwa daga bayan kujerarsa.

Gambo ya faɗa kan na'ura yana danne-danne ta cikin gidan sauro. Ya danna nan, wani ɗan faranti ya zuro kai daga cikin farin akwatin kamar harshe. Ya danna can, farantin ya koma. Ya sake dannawa, ya sake fitowa.

“Gwalo take yi maka!” wani ya ce.

“Ina maɓallin kashewar?” Filibus ya tambaya da ƙarfi.

“Bature bai sa ba!” in ji Gambo.

Hannun babbar rigar aro ya laso wuta. Gambo bai ma sani ba, yana rungume da tebur yana ihun kada kowa ya tsallaka layin gawayi. Ba mai iya shiga ta cikin hayaƙin ya janyo shi. Baba Zarami ya sauke birginsa, ya ware ƙafa, ya juya kugu, ya watsa. Raga ta buɗe ta sauka a kan Gambo tun daga hula har duga-dugai. Masunta suka kama igiya, suka ja da waƙarsu ta jan taru. Gambo ya fito daga zaure a kwance, yana wutsil-wutsil, suka dire shi cikin taɓon ruwan jiya, wutar hannun riga ta ce cuu ta mutu.

Ta ƙofar cikin gida kuwa sai ga 'Yar'azumi, wadda ta hauro katanga daga gidan Talatu, ta ɓullo da mayafi a hanci. Ta sa muciya ta fizge duk wata waya da ta gani, ta janye bargon ta tattake shi, ta kifa kwanon yashi a kan gilashi. Baƙin akwati ya yi ƙi ɗaya ya yi shiru. Rabon unguwar da jin shiru irin wannan har an manta. Wata kaza ta leƙo daga cikin gida tana mamaki.

Baba Zarami ya zagaya ragarsa, ya taɓa abin da ke ciki da yatsan ƙafa.

“Jama'a, ku shaida, na'ura ba ta yi ƙarya ba. An ce yau za mu kama babban da ba mu taɓa kama irinsa ba. Ga shi, har da hula.”

“Nawa za a sayar?” in ji wata dillaliya.

“Wannan ba ya sayuwa, Hajiya. Duk baki ne, ba tsoka.”

Gambo ya leƙo ta idon raga, taɓo na zuba daga gemunsa. “Ku yi dariyarku. Saura ƙiris ta faɗi gurbin, matar nan ta katse mata tunani.”

'Yar'azumi ta ɗaga muciya. Masunta suka ga alamar kifin nasu yana neman komawa cikin raga da kansa.

Wanda ya ara masa babbar riga ya karɓi rigarsa, saura mata hannu ɗaya da rabi. Fannami ya tura janaretonsa gida yana tambayar kowa ko na'urar ta ambaci zinariya kafin ta cika. A kasuwa kuwa, in Gambo ya wuce rumfar masu kifi sai a ɗaga murya, “Injiniya, yau ba banda?”

Da Shu'ibu ya dawo daga Zariya ya tarar da kayansa a cikin kwalaye, an ɗaure da igiya, an ɗora a wuri mai tsayi kamar yadda ya ce. Ya buɗe na farko. Gilashin ya yi baƙi, bayansa ya narke ya lotsa. Ya girgiza shi, gasasshen shinge ya zubo kamar ana sheƙe gero. Ya zauna a kan tabarma. 'Yar'azumi ta ba shi labari tun daga farko, Filibus yana cike mata inda ta tsallake. Gambo yana gefe yana gyaran wata tocila da ba abin da ya same ta.

Shu'ibu ya ji labarin har ƙarshe. Sannan ya ɗago.

“Yaya Gambo, buɗewar na yafe. Kunnawar ma na yafe. Amma don girman Allah, me ya hana ka kashe ta?”

Gambo ya ajiye tocila, ya dafa ƙirji, fuskarsa cike da mamakin irin wannan tambaya.

“Haba Shu'ibu. Amana fa ka ba ni. Duk unguwar nan babu wanda bai ce in kashe ta ba, har yayarka, ni kaɗai na tsaya mata. Ka tambayi kowa, ban kashe ta ba. Kwananta ne ya ƙare.”

Shu'ibu ya dubi yayarsa.

“Yaya, ara min muciyar nan.”

Kafin ta miƙo masa, Injiniya ya kai bakin kasuwa, takalmi ɗaya a ƙafa.